Nauyin da Ke Biyo Bayan Kyauta: Nazarin Ba da Gudummawar Kod ga Buɗaɗɗen Laburaren Manhajar Waya, Misali daga React Native

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda maginin manhaja daga waje yake shigar da gyaransa cikin buɗaɗɗen laburaren gina manhajojin waya, ta ɗauki React Native da ƙananan laburaren da ke kewaye da shi a matsayin abin nazari. An dogara ga takardun da aikin ya fitar a bainar jama'a tsakanin 2015 da 2025. Matsayar maƙalar ita ce, abin da ke yanke hukuncin karɓa ko ƙin gudummawa a wannan fage shi ne nauyin tabbatarwa da na kulawa da take ɗora wa masu riƙon laburaren, kuma yanayin wayar hannu yana ninka wannan nauyi fiye da yadda nazarce-nazarcen baya suka yi la'akari.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami manhajar waya a yau wadda masu ita suka rubuta kowane layi nata da hannunsu. Mai gina manhajar banki ko ta sayar da kaya yakan ɗauko shiryayyen kod da wasu suka rubuta domin buɗe kyamara, adana bayanai ko nuna taswira, sannan ya ɗora nasa aikin a kai. Wannan shiryayyen kod shi ake kira laburare. Idan lasisinsa ya ba kowa damar karanta shi, gyara shi da sake raba shi, to buɗaɗɗe ne. Mai amfani da laburaren kan ci karo da tangarɗa, ya gano musabbabinta, ya kuma so gyaran nasa ya shiga ainihin laburaren don kowa ya amfana. Daga nan ne batun wannan maƙala ya fara.

Manufar ita ce bayyana abin da ke faruwa tsakanin lokacin da aka miƙa gyara da lokacin da ya isa wayoyin jama'a, da dalilin da ya sa gyara mai inganci kan iya zama watanni ba a taɓa shi ba. A cikin maƙalar, rumbu na nufin wurin da ake ajiye kod tare da tarihin sauye-sauyensa. Buƙatar haɗewa ita ce takardar da mai gudummawa ke miƙawa yana neman a shigar da gyaransa. Mariƙi shi ne mai ikon karɓa ko ƙi. Siga kuwa ita ce kowace fitowar laburaren mai ɗauke da lamba.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Raymond (1999) ya kwatanta buɗaɗɗiyar manhaja da kasuwa, inda yawan masu duba kod ke sa a gano kuskure da wuri. Ra'ayin ya yi tasiri, amma bincike bai daɗe ba ya rage masa kaifi. Mockus, Fielding da Herbsleb (2002) sun nuna cewa a aikin Apache mutum 15 ne suka yi fiye da kashi 80 cikin 100 na sauye-sauyen kod, yayin da jama'a masu yawa suka fi taimakawa wajen kawo rahoton matsala. Avelino da abokan aikinsa (2016) sun ƙara matse hoton: a cikin shahararrun ayyuka 133 na GitHub da suka duba, kusan kashi 65 cikin 100 za su shiga mawuyacin hali idan mutum ɗaya ko biyu suka janye.

Wani rukunin masu bincike ya mayar da hankali ga sabon shiga. Von Krogh, Spaeth da Lakhani (2003), a nazarinsu na Freenet, sun gano cewa akwai tsarin shiga da ba a rubuta ba, wanda mai bin sa ya fi samun a ba shi dama. Steinmacher da abokan aikinsa (2015) sun tattara shingayen da ke tare gudummawar farko, ciki har da rashin samun amsa da wahalar kafa wurin aiki a kwamfuta. Game da buƙatar haɗewa ita kanta, Gousios, Pinzger da van Deursen (2014) sun sami cewa ƙaramin kaso ne kawai ake ƙi saboda aibin fasaha, Tsay, Dabbish da Herbsleb (2014) kuma sun nuna cewa haɗa gwaji da gyara da kuma sanayya tsakanin mai miƙawa da mariƙi suna ƙara yiwuwar karɓa.

Eghbal (2016, 2020) ce ta juya tambayar. A wurinta, abin da ya yi ƙaranci a shahararrun ayyuka shi ne lokacin mariƙi da hankalinsa. Masu son ba da gudummawa kam sun yi yawa. Wannan maƙala ta ɗora a kan matsayarta. Giɓin da aka lura da shi shi ne, yawancin waɗannan nazarce-nazarce sun ɗauki misalansu daga manhajojin uwar garke da na yanar gizo, inda kwamfuta ɗaya ta isa a harhaɗa kod a gwada shi. Laburaren waya ba haka yake ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin misali guda a zurfafe. An zaɓi React Native saboda dalilai biyu: yana aiki a kan Android da iOS a lokaci guda, kuma kamfani ne ya haife shi ya riƙe cibiyarsa yayin da jama'a ke riƙe da gefensa, don haka ana iya ganin salon riƙo iri biyu a wuri ɗaya. Kayan nazarin su ne jagorar ba da gudummawa ta aikin, bayanan fitowar sigogi, sanarwar aikin kan manyan tangarɗa, da ƙa'idojin shagunan Google Play da App Store. An kawo misalai uku daga wajen React Native inda suka haska batun amana. Ba a yi hira ko ƙidayar buƙatun haɗewa ba. Nazarin na fassarar takardu ne.

4.0 Nazari

4.1 Hanyar da gyara ke bi

Facebook ya buɗe kod ɗin React Native a watan Maris na 2015 da tallafin iOS, Android ta biyo baya a Satumbar shekarar. Rumbun yana kan GitHub, kuma matakin farko sananne ne: mai gudummawa ya kwafi rumbun, ya buɗe reshe, ya yi gyara, ya miƙa buƙatar haɗewa. Fom ɗin buƙatar yana neman abu uku, wato taƙaitaccen bayani, layi ɗaya da zai shiga jerin sauye-sauyen siga, da bayanin yadda aka gwada gyaran. A shekarun nazarin, kafin a duba komai, wani mutum-mutumin manhaja kan bincika ko mai miƙawar ya sa hannu a yarjejeniyar lasisin mai gudummawa ta Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook. Yarjejeniyar ba ta karɓe mallakar kod daga hannun marubucinsa ba, izini mai faɗi take ba kamfanin. Batun lasisi ba ƙarami ba ne a tarihin aikin: a Yulin 2017 gidauniyar Apache ta hana ayyukanta dogaro da lasisin Facebook mai sharaɗin haƙƙin ƙirƙira, React, laburaren da aka gina React Native a kansa, ya koma lasisin MIT a Satumbar 2017, React Native ya bi sahu a Fabrairun 2018.

Mataki na gaba shi ne wanda baƙo bai cika sani ba. A tsawon shekarun da wannan nazari ya shafa, ba a kan GitHub ake haɗe gyara ba. Injiniyan Meta ne ke shigo da buƙatar cikin rumbun kamfanin na ciki, a gwada ta da manhajojin kamfanin, idan ta tsallake sai a haɗe ta a can, sannan inji ya kwafo sakamakon zuwa GitHub da sunan marubucin. Shi ya sa buƙatar da aka karɓa take bayyana a rufe, da 'yar alama mai nuna an haɗe. Ma'anar wannan tsari ita ce, ko mutum goma daga waje sun duba gyara sun yaba, dole sai wani ma'aikaci ya ɗauki alhakinsa a gaban manhajojin da ɗimbin jama'a ke amfani da su. Sanarwar da aka yi a Oktoban 2025 ta kafa gidauniyar React a ƙarƙashin inuwar gidauniyar Linux ta shafi shugabancin aikin, amma buƙatar wani ya ɗauki alhakin gyara tana nan ko a hannun wa rumbun yake.

Haɗewa ma ba ita ce ƙarshe ba. Gyaran zai zauna a babban reshe har sai an yanke sabuwar siga, sai dai idan an nemi a tsamo shi zuwa ɗaya daga cikin sigogin da ake tallafa wa, wato ta ƙarshe da biyu da suka gabace ta.

4.2 Abin da ke ninka nauyi a laburaren waya

Nan ne ainihin hujjar maƙalar take. Mai gyara a React Native yana iya taɓa JavaScript, Java ko Kotlin na Android, Objective-C na iOS, da C++ da ke haɗa su. Mutane ƙalilan ne suka ƙware a duka. Wanda ya gyara yadda akwatin rubutu ke aiki a Android ya haifar da tambaya nan take: shin iOS ma haka take yi? Idan amsar a'a ce, to gyaran ya raba halin laburaren gida biyu, alhali dalilin samuwarsa shi ne a rubuta abu sau ɗaya ya yi aiki a wayoyin biyu. Mariƙin da ya karɓi rabin gyara ya karɓi aikin cika ɗaya rabin.

Gwada ɓangaren iOS kuwa yana buƙatar Xcode, wanda ba ya aiki sai a kwamfutar Mac. Wannan shinge ne na kuɗi tsantsa, kuma yana tace waɗanda za su iya miƙa cikakken gyara tun kafin a kai ga batun ƙwarewa. A ɓangaren Android matsalar ta yawa ce. Kamfanoni da dama ke ƙera wayoyi, kowanne yana sauya babbar manhajar yadda ya so, musamman wajen kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Tangarɗar da ke bayyana a wata waya ba lallai ta bayyana a kwaikwayon waya na kwamfuta ba, wanda shi ne gwajin inji ya fi dogara da shi.

Sai kuma agogon da ba na laburaren ba. Tun 2018 Google Play ke tilasta wa manhajoji su nufi sabuwar sigar Android duk shekara. A Agustan 2019 ya wajabta tallafin tsarin bit 64, abin da siga ta 0.59 ta React Native ta tanada a watan Maris na shekarar. Apple ya daina karɓar sababbin manhajoji masu amfani da UIWebView a Afrilun 2020, ya kuma fara tilasta bayanin sirri na musamman a Mayun 2024. Kowane ɗayan waɗannan wa'adi yana nufin wani zai koma kan kod da aka rubuta shekaru baya ya daidaita shi. Marubucin asali sau da yawa ya sauya aiki ko ya daina amfani da laburaren. Gudummawar sabon fasali, a wannan yanayi, kyautar doki ce: wanda aka ba shi ne zai nemi harawa kullum.

Abin da ya faru ranar 4 ga Nuwamban 2022 ya nuna yadda ƙaramin layi ke daɗewa yana jiran ranarsa. Shekaru da dama, samfurin da aikin ke bayarwa, wanda laburare masu yawa suka kwafa, yana umartar Gradle, kayan harhaɗa manhajar Android, ya ɗauko React Native da alamar ƙari a maimakon lambar siga, ma'ana ya ɗauko mafi sabunta da ya samu. Hakan bai cutar ba muddin mafi sabuntar ita ce wadda ke cikin kwamfutar mai aiki. Ranar da aka ɗora sigar gwaji ta 0.71 a kan Maven Central, ma'ajiyar da Gradle ke ɗauko laburare daga ciki, sai harhaɗawar Android ta fara ɗauko ta, manhajojin da masu su ba su taɓa ko layi ɗaya ba suka daina harhaɗuwa, har sai da aka fitar da faci ga tsofaffin sigogi. Babu mai bitar da zai kira wancan layi kuskure a ranar da aka rubuta shi. Mariƙin da ya taɓa ganin irin wannan yana da dalilin yin jinkiri ga duk gyaran da ya taɓa fayilolin harhaɗawa, komai ƙanƙantarsa.

Akwai bambanci na ƙarshe da ake yawan mantawa. Kuskure a shafin yanar gizo ana gyara shi a uwar garke, kowa ya ga gyaran nan take. Kuskuren da ya shiga ɓangaren asali na manhajar waya sai an sake harhaɗawa, an bi ta tantancewar shago, sannan a jira mai waya ya sabunta, kuma wasu ba sa sabuntawa.

4.3 Rage cibiya da matsawar ƙofa

A 2018, shekarar da Airbnb ya sanar da barin React Native, rumbun yana fama da tarin rahotanni da buƙatun da ba a amsa ba. Martanin aikin ya haɗa da shirin rage cibiya: a fitar da sassan da ba dole ba ne su zauna a ciki, a miƙa su ga jama'a. Siga ta 0.59 ta yi gargaɗi, 0.60 ta Yulin 2019 ta cire WebView da NetInfo, AsyncStorage ma ya fita daga baya. Sakamakon ga mai gudummawa a fili yake. Wanda ke son gyara WebView ba ya buƙatar jiran ma'aikacin Meta, mariƙan wancan ƙaramin rumbun ne za su haɗe gyaran kai tsaye su fitar da siga a ranar da suka ga dama.

Sai dai nauyin bai ɓace ba, sauya kafaɗa ya yi. Wasu laburaren sun sami kamfanonin da ke biyan mariƙansu, kamar Software Mansion na Kraków mai riƙe da Reanimated da Gesture Handler, da Callstack na Wrocław, da Expo, da Microsoft mai riƙe da sigogin Windows da macOS. Wasu kuma suna hannun mutum ɗaya ko biyu masu aiki da daddare. Sabon tsarin gini na React Native ya gwada ƙarfin wannan rabo: ya zama na zaɓi a 0.68 a 2022, ya zama na asali a 0.76 a Oktoban 2024, kuma a tsakani duk laburaren da ke da kod na asalin waya sai da ya tallafi tsoho da sabo tare, ko ya bar wasu masu amfani a baya. A ganin wannan maƙala, gudummawar da ta fi daraja a waɗannan shekaru ita ce ta ƙaura zuwa sabon tsarin, aikin da ba ya ƙara wa laburare ko fasali ɗaya.

Cibiyar ma ta samo hanyar karɓar hannun baƙi ba tare da ƙara wa kanta nauyi ba, ta hanyar kiran gayya. A 2023, alal misali, an buɗe rahoto guda mai jera fayilolin gwajin Android da ake so a mayar daga Java zuwa Kotlin, kowa ya ɗauki ɗaya. Mariƙi ne ya yanka aikin, ya san iyakarsa, bitarsa ba ta da wuya. Manyan sauye-sauye kuwa suna da wani rumbu dabam na tattaunawa da shawarwari, inda ake sa ran a amince da ra'ayi kafin a rubuta kod.

4.4 Amana

Ba kowane jinkiri ne na fasaha ba. A 2018 marubucin wani ƙaramin laburaren JavaScript mai suna event-stream, wanda ya daina amfani da shi, ya miƙa riƙonsa ga wani da ya nuna sha'awar taimakawa. Sabon mariƙin ya cusa kod da aka tsara don satar bayanan masu amfani da Copay, manhajar ajiyar bitcoin, ba a gano ba sai a Nuwamba. Copay ba da React Native aka gina ta ba, amma daga rumbun npm ɗaya suke ɗibar kaya. A Maris na 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar matse fayil ta xz, wadda wani ya dasa bayan ya shafe kimanin shekara biyu yana ba da gudummawa mai kyau har aka ba shi riƙo. Daga ɗaya gefen, a Oktoban 2020 gasar Hacktoberfest ta DigitalOcean, wadda a lokacin take ba da riga ga wanda ya miƙa buƙatu huɗu, ta jawo ambaliyar gyare-gyaren banza har aka sauya ƙa'ida cikin 'yan kwanaki, ta yadda sai aikin da ya amince ne zai shiga.

Misalan uku sun sa abin da Tsay da abokan aikinsa suka samu game da sanayya ya fita daga zargin son kai. Mariƙin da ba zai iya gwada gyara a kowace waya ba yana cike giɓin da tarihin mai miƙawa. Illar ita ce baƙo mai gaskiya shi ke biyan kuɗin abin da wasu suka aikata.

4.5 Hujja a matsayin gudummawa

Idan ƙarancin na tabbatarwa ne, to duk abin da ya rage wa mariƙi aikin tabbatarwa gudummawa ce, ko da babu layin gyara a ciki. React Native ya mayar da wannan ƙa'ida: rahoton matsala da bai zo da ƙaramin misali mai maimaita tangarɗar ba ana sa masa alamar neman misali, idan ya daɗe haka a rufe shi. Aikin ya tanadi samfurin gina irin wannan misali, kuma rumbun na ɗauke da RNTester, manhajar da ke nuna kowane sashe yana aiki, inda ake sa ran mai gyara ya nuna halin abu kafin gyara da bayansa, da hoto ko bidiyo, a wayoyin biyu.

Wannan ne wurin da maginin manhaja a Kano ko Maraɗi yake da abin da mariƙi a California ko Poland ba lallai yana da shi ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel na kamfanin Transsion sun cika kasuwannin yankin, da yawansu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, a kan intanet mai yankewa. Haka nan rubutun da ke cakuɗa boko da ajami a allo ɗaya yana gwada tallafin rubutu daga dama zuwa hagu, wanda aikin ya ƙara tun 2016, kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ suna tona font ɗin da bai cika ba. Rahoton da ya faɗi samfurin waya, sigar Android, sigar laburare da matakan maimaitawa, ko tabbacin cewa gyaran wani ya yi aiki a irin wannan waya, ba ya buƙatar Mac.

Akwai kuma gyare-gyaren da ba sa isa rumbu ko kaɗan. Kayan aiki mai suna patch-package yana ba mai manhaja damar gyara kwafin laburaren da ke kwamfutarsa, ya adana bambancin, a riƙa liƙa shi duk lokacin da aka sake saukar da laburaren. Ga mai wa'adin fitar da manhaja a ƙarshen mako, wannan ya fi jiran bita sauƙi, don haka kamfanoni da yawa kan gyara tangarɗa ɗaya kowanne a ɓoye, facin kuma yakan karye da zarar laburaren ya fitar da sabuwar siga. Kayan aikin yana da zaɓin buɗe rahoto a rumbun asali ɗauke da bambancin kod ɗin. Rahoton da ya fito ta wannan hanya yana nuna wa mariƙi layin da aka sauya, amma bayanin wayar da matsalar ta bayyana a kanta, da gwajin ɗaya dandamalin, sai mai miƙawar ya ƙara su da hannunsa.